Taken Sallama a Agadas

Tun da na dawo ban sayar da kifi cikin kwanciyar hankali ba. Mace za ta tsuguna gaban kwandona kamar mai ciniki, ta ɗaga tarwaɗa ta juya, sai ta rage murya ta ce, "Asabe, wai da gaske ne kin hau dandamalin 'yan jita a Agadas?" Na gaji da maimaitawa. Kuma na ga labarin ya fara yin rassa, don jiya na ji wata tana rantsuwa wai har rawa na taka. To ga yadda abin ya kasance daga bakin mai ita, wadda ta ƙara gishiri kuma ita da Allah.

Gidanmu a Haɗeja gidan kiɗan masunta ne. In za a buɗe su, wato kamun kifi na gayya, sai yayana, Yaya Bukar, ya tsaya bakin ruwa da gangarsa ya kaɗa wa kowane gida takensa kafin a faɗa. Ni mace ce, ba a koya mini ba, bandar kifi na gada wajen uwarmu. Ɗa namiji ɗaya Allah ya bar wa Yaya, shi ne Lawan, kuma tun yana rarrafe hannunsa ke kan fata. Da ya tasa sai ya haɗu da masu jitar lantarki, ya fara dukan gangunan Turawa. Wata rana suka shige zaure shi da uban, aka riƙa jin murya sama-sama, da gari ya waye babu Lawan. Abin da suka faɗa wa juna babu wanda ya sani, Yaya kuwa ko sunan yaron aka ambata sai ya ɗauki takalminsa. Haka shekaru suka shige.

Bayan ruwan ambaliyar bara ya janye, ɓarin jikin Yaya na dama ya shanye. Ana cikin jinya wani direba mai kai tattasai Nijar ya ce ya ga Lawan da idonsa a Agadas. Da maganar ta kai kunnen Yaya sai ya aika a kira ni. Ya sa hannun hagu ƙarƙashin matashi ya zaro gularsa, wato lanƙwasasshiyar sandar da yake kiɗa da ita, wadda ya gada wajen babanmu, ya miƙo mini.

"Ki je ki nuna masa wannan," ya ce, bakinsa a karkace. "Kada ki ce komai, Asabe. Ki nuna masa kawai."

Na dubi yadda ya zube, na san in ban kawo yaron nan da wuri ba, uban ba zai sake ganinsa ba. Na naɗe gula a tsohon zane, na cika kwali da bandar kifi saboda tsaraba, na nemi ƙawata Falmata 'yar Birniwa, mai fataucin turare, don ita ta san hanya kuma tana da 'yar'uwa a Damagaram.

Har Gumel ban ga abin ba da labari ba, sai tsohuwar da ta ɗora mini kaji a cinya ta yi barcinta. A Maigatari ne na fara sanin na bar gida. Aka ce mu sauka mu bi layi. Wani mai kaki ya nemi katin allura, na ce ni ba yarinya ba ce, an gama mini allura tun ina goye. Bai ko yi murmushi ba, ya nuna mini wata rumfa, aka soke ni a dantse a gaban maza. Wani kuma ya kwance zanen nan ya zaro gula ya ɗaga sama.

"Hajiya, ke makaɗiya ce?"

Na ce, "Uwarka ce ta koya mini." A zuci na faɗa, don Falmata ta riga ta taka mini ƙafa. Muna tsallakawa wayata ta ɗauke, ba ta sake magana ba sai da muka dawo.

A Damagaram muka sauka gidan Ya Kaltume, yayar Falmata. Matar kirki, ta rasa inda za ta sa mu. Amma da na nemi ruwan wanka sai aka kawo mini a wani ɗan bokiti wanda a gida ko alwala na yi da shi sai in ce an yi mini rowa. Na tsaya ina jiran a ƙaro, sai na ga yara suna kallona da girmamawa, ashe rabon mutum biyu aka ba ni. Jama'a, mu da muke kwana muna tare ruwa da buhunan ƙasa kar ya cinye mana ɗaki, mu da ciyawar kacalla ta toshe wa kogi don yawan ruwa, ga wasu can suna tara ruwan wankin shinkafa su ba akuya. Na yi wankan ina istigfari. Da safe aka kawo burodi dogo kamar muciya, ɓawonsa ya yanke mini dasashi, Ya Kaltume tana cewa ai wannan mai laushin ne.

Daga nan muka shiga babbar mota mai zuwa Agadas. Bayan Tanut itatuwa suka fara ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, har na daina neman su. Da azahar ta yi kowa ya dafa ƙasa ya yi taimama, ni da ban taɓa yi ba sai a karatun islamiyya. A kujerar gefenmu akwai wani Buzu da ya naɗe fuskarsa ruf, ido kawai ake gani, matarsa kuwa fuska a buɗe tana ta yi masa faɗa da harshensu. Sunanta Lalla, tana jin Hausa sarai. Da aka tsaya cin abinci, don in ƙulla zumunci, sai na buɗe kwali na zaɓi kifi ragon ruwa mafi kyau na miƙa wa mijin da hannu biyu. Bawan Allah ya zabura ya ja baya har ya take butar wani. Lalla ta yi dariya har da hawaye.

"Inna, mayar da abinki. Mu ba ma cin kifi."

"Ciwo gare shi?"

"A'a, kakanninmu ma ba su ci ba."

Duk rayuwata a kan kifi ta ƙare, da shi na aurar da 'ya'yana, yau ga mutum ya gan shi kamar na miƙa masa mushe. Kwalin nan haka na yi ta yawo da shi, a ƙarshe wasu 'yan Sakkwato masu gyaran takalmi suka raba.

Duk da haka Lalla ta rantse ba za mu sauka ko'ina ba sai gidanta. Gidanta na ce, don nata ne. Ta gaya mini a wajensu in aure ya mutu namiji ne ke tattara kayansa ya fita. Falmata ta ce a nema mata fili a garin. Aka toya mana gurasa a cikin rairayi mai zafi, aka kakkaɓe aka gutsuttsura cikin miya. Mijin ya zauna ya dafa shayi da kansa, yana ɗaga mayafi yana kurɓa ta ƙasa don kar mu ga bakinsa. Na ce wannan a garinmu amarya ce.

Neman Lawan bai ba mu wuya ba. Ina faɗin sunansa Lalla ta tafa hannu ta ce, "Bahaɗeje mai ganguna? Ai gobe da la'asar suna wasa a filin bayan gari." Na ce a kai ni gidansa yanzu. Aka je aka ce sun fita daji wajen biki, sai dai su wuce filin kai tsaye.

Na sha zuwa taro, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. An kafa dandamali na katako, an jibge lasifikoki kamar rumbuna dama da hagu, janareta yana ta kuka a baya. Samari a kan motoci, a kan raƙuma, a kan katanga. Mata sun ci ado suna gaba-gaba, ba mai korarsu. Lalla ta ja mu har kusa, ina cewa ta bari, tana cewa a nan ake ji. Da mai babbar jita ya ja wata waya, wallahi a cikina na ji ta, ba a kunne ba, har haƙorana suka haɗu. Na riƙe Falmata na ce, "Girgizar ƙasa!" Ta ce in rufa mata asiri. Wai sunan kiɗan rok.

Can baya na hango shi. Ya yi tsawo, ya rame, ya tara suma. Yana zaune tsakiyar ganguna kusan rabin dozin da faya-fayan ƙarfe, sanda a kowane hannu, ƙafafunsa ma suna duka. Kafaɗarsa ta dama tana ɗan ɗagawa in zai sauke hannu, sak ubansa.

Suka yi waƙa biyu ko uku da harshen Buzaye, ina bi da ido. Daga nan sai mawaƙin ya ja da baya ya bar abin magana, amma kiɗa bai tsaya ba. Wannan ya ja wata 'yar murya a jitarsa, wancan ya amsa masa, ya karkatar da ita wani wajen, na ukun ya shigo ya ƙwace. Suna kallon juna suna dariya, babu wanda ya san inda za a. Mai jitar gaba ya durƙusa a ƙasa ya rufe ido yana sa ta tana kuka kamar akuyar da ƙofa ta matse.

Na yi wa Lalla ihu a kunne, "Taken wa suke kaɗawa?"

"Ba na kowa ba ne!"

"To wace waƙa ce?"

"Babu waƙa, Inna. Abin da ya zo wa mutum shi yake yi, sauran su bi shi. Gobe ko su ba za su iya maimaitawa ba."

Na kama haɓa. A gidanmu kowane kiɗa da mai shi. Akwai na Sarkin Ruwa, akwai na masu kamun kifi da gora, akwai na masu jan koma, in ka kaɗa na wani a gaban wani sai an yi sulhu. Makaɗin da ya tsaya gaban jama'a yana dukan abin da ya ga dama, asibitin mahaukata za a kai shi. Ga shi nan dubban mutane suna tsalle a kan kiɗan da ba shi da uba. Na ce lallai Yaya yana da gaskiya da ya yi fushi.

Na yi ta ɗaga hannu ina kiran sunansa, ko ni ban ji muryata ba. Sai na tuna saƙo. Na kwance zane na zaro gula, na ɗaga ta sama iya tsawon hannuna ina kaɗawa. Ya ɗago kai, idonsa ya wuce ni, ya dawo. Ya dube ni, ya dubi abin da ke hannuna. Hannayensa suka tsaya cak.

'Yan jita suka waiwaya, don ƙasan kiɗan ya zube. Lawan ya saki sanda ɗaya ta faɗi. Ya jawo babbar gangar da ke gefensa, ya ɗora tafin hagu a kan fata kamar yadda ake yi wa gangarmu ta gida, ya fara duka da sanda guda. A hankali. Duka biyu masu nauyi, a yi shiru, sai uku a jere kamar mai sauka daga tudu.

Tsikar jikina ta tashi tun kafin in gane. Sau ɗaya na taɓa jin wannan kiɗa, ina budurwa, daga cikin ɗaki, ranar sadakar bakwai ta babanmu. Taken sallama ne. In makaɗin gidanmu ya rasu, magajinsa ne ke kaɗa masa shi sau ɗaya tak, daga nan a yanke fatar gangar a sa sabuwa. Ba a koyar da shi sai a ɓoye, ba a kaɗa shi da wasa, malamai ma ba sa so, shi ya sa ake rufe ƙofar gida. Shi ne ɗan Yaya yake kaɗawa a filin Allah, lasifika tana kai shi har bayan gari.

Abin da ya zo mini shi ne, yaron nan yana da waya mai aiki, ni tawa a mace take tun Maigatari. An kira shi an gaya masa. Yaya ya cika ina hanya ina faɗa da burodi. Na zube a rairayi na ɗora hannu a ka na fasa kuka. Shi kuma yana hango ni daga sama ina kuka, sai ya ƙara sunkuyawa kan gangar, hawaye na zuba a kan fata.

Su kuwa abokansa Buzaye ba su san dawar garin ba. Suka ji sabon abu ya zo, suka yi murna. Mai babbar jita ya kama dukan nan biyu ya riƙa bi. Mai jitar gaba ya tashi daga durƙuson ya ɗora wata doguwar murya a kai, ta hau, ta hau, ta karye, ta sake hawa. Ban so in faɗa ba, amma in ba ku gaskiya, abin ya yi daɗin da ya ba ni tsoro. Mata suka ɗau guɗa. Samari suka cire rawani suna juyawa a sama. Wata yarinya ta kama hannuna tana so ta tashe ni mu yi rawa, ta zaci daɗi ne ya kayar da ni. Mutuwar ɗan'uwana ake kaɗawa, gari guda yana tsalle. Ban taɓa jin baƙin ciki da ruɗewa irin na wannan lokacin ba.

Falmata ce ta fi ni hankali. Da ta ji abin da nake faɗa cikin kuka, sai ta fizgi wayar Lalla ta kutsa bayan wata mota ta kira gida. Ta dawo a guje gyale a hannu, ta girgiza ni.

"Tashi, ke! Yana nan da ransa! Da matarsa na yi magana, kunu take ba shi, yana ma faɗa wai babu tsamiya!"

Yadda na hau dandamalin nan da wannan gwiwar tawa, Allah kaɗai ya sani. Na ture wani, na taka wayoyi, wani abu ya yi ƙara kamar tsawa. Jama'a suka ga tsohuwa ta hau da sanda a hannu, sai ihu ya ƙaru, suka zaci cikin wasan nake. Wannan ita ce rawar da ake cewa na taka. Na isa kansa daidai ya sauke dukan ƙarshe, na damƙe hannunsa.

"Ɗan banza, ubanka yana da rai!"

Ya dube ni kamar bai san Hausa ba. 'Yan jita suka ci gaba da abinsu, mu muka sauka ta baya muka zauna kusa da janareta. Ya nuna sandar da ke hannuna.

"Gwaggo, to me ya kawo gular Baba hannunki?"

"Shi ya ba ni, ya ce in nuna maka."

"Gwaggo, gula ba ta barin hannun mai ita sai ya mutu. Ita ake kai wa magaji a maimakon magana. Shi da kansa ya gaya mini ranar da ya koya mini taken."

Ni ina zan sani? Ranar da aka yi na babanmu muna ɗaki, maza ne a tsakar gida. Na dubi sandar nan a hannuna na ji kamar in jefar. Na gaya masa halin da uban ke ciki, na ce ya tashi ya haɗa kaya, gobe da asuba sai gida. Ya girgiza kai.

"Ba zan iya ba, Gwaggo. Ranar da na fita, ya dafa Alƙur'ani ya ce kada in sake taka gidansa sai bayan ransa. Kin san Baba. In na shiga ya ga na karya masa rantsuwa, baƙin cikin ne zai ƙarasa shi."

Sai a lokacin na ji abin da aka faɗa a zauren nan. Na zage shi, na zagi taurin kan gidanmu kaf, har da nawa. Na ce ko a ƙofar gida zai tsaya sai ya bi ni, in ya so ya ji tarin ubansa ta katanga. Muna cikin haka mai jitar gaba ya zo yana haki, ya rungume shi, ya ce tun da suke wasa ba su taɓa yin abu mai kyau kamar na yau ba, lallai a sake a wasa na gaba. Lawan ya ce masa wannan ba a sakewa.

Washegari da asuba ya ɗauko jakarsa ya biyo mu. Lalla ta cusa mana cuku da dabino, ta ce in gaida kogi. A mota Lawan yana jikin taga, sai da muka wuce Malam Madori ya ga shinkafa kore shar a fadama da fararen balbelu a kai, sannan na ji ya ja numfashi. Muka isa da hantsi. Ya tsaya a bakin zaure ya ajiye jakarsa, ya ƙi ɗaga ƙafa. Maƙwabta suka fara leƙowa.

Na shiga ni kaɗai, raina a ɓace. Yaya yana kwance inda na bar shi, ya ƙara zubewa, amma idonsa tar. Na ajiye masa gula a kan tabarma da ƙarfi.

"Yaya, ka san abin da ka sa na yi? Ka aike ni da saƙon mutuwarka ban sani ba! Na yi maka kuka a gaban Buzaye, saura kaɗan zuciyata ta buga!"

Bai ce in yi haƙuri ba. Ya tsura mini ido ya ce, "Ya kaɗa?"

"Ya kaɗa."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe. Da jita da guɗa, duk Agadas sun ji."

Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskar da ba ya motsi, matarsa ta sa gefen zane ta share masa. Ya daɗe haka har na tsorata na taɓa ƙafarsa. Sai ya buɗe ido ya juya kai wajen ƙofa.

"To ai an sallame ni, Asabe. Wanda ya yi rantsuwar ya riga ya tafi. Ce wa yaron nan ya shigo, rana tana dukansa."